Garkar Haɗin Gwiwa: Aikin Da Ke Jira Bayan Sanyi

Duk wanda ya zagaya garake na haɗin gwiwa a yankunan Maraɗi, Tawa da Damagaram cikin watan Janairu zai ga kore shar: salati, shu, karoti, tumatir da albasa. Amma ya sake komawa cikin Afirilu, sai ya tarar da yawancinsu sun zama fili, awaki na kiwo a ciki. Jama'a da dama sun ɗauka aikin garka na sanyi ne kawai, daga an cire albasa shi ke nan sai baɗi.

Wannan tunani yana da asali. Bayan farin 1984 ne gwamnatin Janar Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani don cike giɓin hatsi, kuma irin da aka fi ba da ƙarfi a kansu masu son sanyi ne. Su kuwa ba sa jure bazara. Idan zafi ya wuce awo 40, kamar yadda yake yi a Afirilu da Mayu, salati sai ya yi tsawo ya yi ɗaci, tumatir kuma ya riƙa zubar da fure. To amma ai ba su kaɗai ba ne kayan miya. Kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyafo da zogale duk suna son zafi, kuma a daidai lokacin ne ganye yake tsada a kasuwa.

Abu na farko shi ne ruwa. A bazara ne ruwan rijiya yake yin ƙasa ƙwarai, saboda haka yanzu ne ya kamata a yashe ta, a ƙara mata zurfi. Kada ƙungiya ta yi kwaɗayin shuke garkar duka. Gara a rage fili, a tattara shuka kusa da rijiya, a raba ban ruwa safe da yamma, kowa ya san ranarsa. Rigimar da ke wargaza ƙungiyoyin mata galibi daga bakin rijiya take farawa. A kuma rufe gindin shuka da kara ko busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe.

Taki sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa da zafin nan. A lura da wurin shuka ma. Inda aka cire tumatir kada a sa kuɓewa, domin ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwa suna cin su duka biyu. Gurbin albasa ya fi dacewa da ita. Idan damana ta matso kuma, fangali mai zurfi da ke riƙe ruwa a rani zai koma kududdufi, sai a tayar da kunya a yi shuka a bisa. Shinge kuwa a gyara shi tun da wuri, tun da dabbobi a sake suke har ruwa ya sauka.

Akwai magana ɗaya da ba a cika son taɓawa ba, wato maganar fili. Garake da yawa a kan gonar aro suke, mai gona ya ba da ita bayan kaka, da ruwan fari ya ce a tashi zai shuka hatsi. Wace mace ce za ta zuba taki ta dasa zogale a inda ta san za a tashe ta cikin Yuni? Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ke iya rubuta yarjejeniyar aro ko kyauta. Ya kamata shugabannin ƙungiya su zauna da mai gona da maigari tun cikin Maris, a faɗi iyakar wurin da yawan shekarun, a sa hannu a takarda kafin a sayi iri.