Kabari biyu a Girku: yadda bishara ta shigo ƙasar Hausa

Duk mai bi da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa ranar Lahadi, ko a Gusau yake, ko Tsafe, ko Bungudu, ya kamata ya san sunan wani gari da ke kudu da Zariya, wato Girku. A can aka binne biyu daga cikin 'yan mishan na farko da suka nufo ƙasar Hausa.

Na fari shi ne Walter Gowans, saurayi daga Kanada. A watan Disamba na 1893 ya sauka Legas tare da Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu, kuɗin hannunsu ma kaɗan ne. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka yi arewa. A hanya Gowans ya faɗa hannun mayaƙan Sarkin Kontagora da ke harin bayi, aka kwashe masa kaya, daga baya aka sake shi. Da ƙyar ya kai Girku, jiki ya riga ya ƙare, ya rasu a 1894. Kent ya rasu a Bida cikin wannan shekarar. Ba su kafa majami'a ko ɗaya ba. Bingham kuwa bai haƙura ba, sai a yunƙuri na uku, a 1902, aka buɗe tasha a Patigi. Wannan aiki ne ya zama ƙungiyar SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954.

Kabari na biyu na Dudley Ryder ne. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya jagoranci tawagar mutum biyar zuwa Kano, cikinsu har da likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawan da ke can. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka dawo ƙasar Zazzau, suka zauna a Girku, nan atuni ya kashe Ryder.

A nan sai mu yi adalci. Sarki Aliyu yana kallon Turawa ne da suka iso a daidai lokacin da sojojin Ingila ke matsowa, kuma a 1903 Kano ta faɗa hannunsu. Tsoronsa yana da dalili. Sannan cuta ce ta ci yawancin waɗannan baƙi, ba takobi ba. Turawan mulki su ma ba su sakar wa 'yan mishan mara ba: shugabansu Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, aka daɗe ana hana wa'azi a manyan biranen masarautu.

Wanda ya sha tsanani har ga mutuwa ɗan ƙasa ne. Malam Ibrahim, malami a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya yi ta nazarin matsayin Annabi Isa har ya tara almajirai, aka kira su Isawa. Ya ƙi janye koyarwarsa, aka tsire shi a kasuwa. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 zuriyarsu suka iske Miller a Zariya, inda yake zaune tun 1905, aka kafa musu ƙauyen masu bi a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Wannan labari ne ya fi tsaya mini a rai, domin mutanen sun jira kusan shekara hamsin kafin su sami wanda zai karanta musu Linjila.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna haka aka fara: an jefe Istifanas, masu bi suka warwatse daga Urushalima, warwatsuwar kuma ta kai saƙon har Samariya da Antakiya. Mai bi a Magami, kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, inda 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu, ya san ɗacin barin gida. Amma bindigar ta ci Musulmi fiye da kima a wannan yanki, don haka kada mu kira kowace masifa tsanani saboda bangaskiya, kada kuma mu ɗauki maƙwabcin da muke gudun hijira tare da shi a matsayin maƙiyi.

Miller ya ci gaba da aikin magani, makaranta da fassara. Wajen 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwar Zariya, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausawa. Daga wannan jama'a Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fito, a Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shekara 38 bayan an binne Gowans.