Man suyar da ke jawo wa gidajen abinci tara a Landan da New York

Idan an gama suyar kaza ko dankali, ina ragowar man yake zuwa? A gidaje da yawa amsar ita ce kwata. Ana tuttula shi, a bi shi da ruwan zafi, a ɗauka magana ta ƙare. To, mai karatu, a wasu biranen duniya wannan ɗabi'a laifi ce da ke kai mai gidan abinci gaban alƙali.

A watan Satumban 2017, ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water sun gano wani ƙaton dunƙulen kitse a magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin unguwar Whitechapel a birnin Landan. Tsawonsa mita 250, nauyinsa kimanin tan 130. Sai da aka shafe makonni tara ana farfasa shi da ruwa mai ƙarfi da shebur. Abin da ya haɗa shi bai wuce man girki da kitse da ƙyallayen goge jarirai da ake jefawa a masai ba.

Za ka iya tambaya, yaya mai zai zama dutse? Da farko, yana sanyi sai ya daskare a jikin bututu. Sannan man da aka soya abu da shi yana sakin wasu sinadarai masu tsami, waɗanda ke haɗuwa da sinadarin kalsiyam na cikin ruwa da na kankare. Haɗuwar tana haifar da abu mai kama da sabulu, kamar yadda mai da ruwan toka ke zama sabulun salo, sai dai shi wannan ba ya narkewa a ruwa. Shi ya sa ruwan zafi da omo ba sa maganin matsalar. Gaba kawai suke tura man, ya je ya daskare a ƙofar gidan wani.

A Ingila, sashe na 111 na dokar harkar ruwa ta 1991 ya haramta zuba duk abin da zai hana ruwa gudu a magudanar gwamnati. Hukuncin tara ne, kuma idan laifin ya yi girma ana iya ɗaure mutum har shekara biyu. A 2016, kamfanin ruwa na Severn Trent ya kai wani gidan abinci da ke garin Codsall kotu bisa wannan doka, aka sa shi biyan sama da fam 5,000.

A birnin New York na Amurka kuwa, dole ne gidan abinci ya sanya akwatin tace maiƙo. Akwati ne da ruwan wanke-wanke ke bi ta cikinsa a hankali, man ya taso sama, ragowar abinci ya kwanta ƙasa, ruwa kaɗai ya wuce. Jami'an hukumar kare muhalli ta birnin suna zagayawa duba shi, kuma wanda bai sanya ba, ko ya bar shi ya cika bai kwashe ba, tara za ta hau kansa.

Dalilin wannan tsanani lafiya ce. Idan bututu ya toshe, ƙazanta baya take dawowa: ta ɓullo a banɗaki, a tsakar gida, a kan titi. Daga nan ta samu hanyar shiga rijiya ko fasasshen bututun ruwan sha. Ta haka kwalara da taifod ke yaɗuwa, kuma yara ƙanana su ne gudawa ta fi saurin kayarwa.

Mu a nan, Abuja tana da magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke kai ƙazanta matatar Wupa, amma yawancin unguwanninmu buɗaɗɗen lambatu gare su. Man da aka zuba a ciki yana kama yashi da leda, ruwa ya tsaya, sauro da ƙudaje da ɓeraye su samu wurin zama. Da damina ta sauka, ruwan ya shigo ɗaki.

Saboda haka, uwargida da mai sayar da abinci, kada ku jira sai an kafa tara. A bar man ya huce, a juye shi a gwangwani ko tsohuwar gora, a rufe, a sa a shara. A goge kasko da takarda kafin a wanke. A sa rariya a bakin wurin wanke-wanke don tare ragowar abinci.

Amma kada gudun zubarwa ya sa a yi ta maimaita suya da mai ɗaya. Man da ya yi baƙi, yake kumfa, ko yake saurin hayaƙi ya lalace, bai dace da cikin iyalinka ba. Bai kuma dace da kwata ba. Shara ce wurinsa.