UC3842 ko UC3843: Wacce Za Ku Saka a Furojet?

'Yan uwa masu haɗa fawa sufulai, kar ƙafafu takwas ɗin nan su ruɗe ku. Duka biyun suna auna wutar da ke ratsa tiransista ta ƙafa ta 3, su katse in awon ya kai bolt 1. Bambancin wajen tashi yake: UC3842 sai ta samu bolt 16, UC3843 kuwa 8.4 ya ishe ta. Ni da batirin sola mai bolt 12 nake gwaji a Hubbare, shi ya sa na ɗauki UC3843, don 3842 ko motsi ba za ta yi ba. Sannan ku tuna zafin Sakkwato: waɗannan iyakarsu digiri 70. In akwatinku ba ya shan iska, ku nemi UC2843 mai jure 85.