Yadda sifili ɗaya ke ɓacewa daga lambar asusu, da alamomin da ke hana hakan

Kowace lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, bisa tsarin NUBAN da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2010, kuma da yawa da sifili suke farawa. Idan manhajar biyan albashi ta ɗauki lambar a matsayin adadin lissafi, sai ta yar da sifilin farko ta buga alƙaluma tara. Banki zai ƙi biya, malamin firamare a Bungudu ko Tsafe ya kwana ba albashi.

Abin da ke hana haka shi ne alamomin tsara bugu. A yaren kwamfuta na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970, umarnin printf ne ke fitar da rubutu, kuma Java da PHP sun gaji tsarinsa. Ana sanya alamar bayan %, kafin faɗin gurbi.

Alamar 0 tana cike gurbi da sifili. Rubuta %010d na nufin a buga alƙaluma 10, a cike abin da ya rage da sifili ta hagu. Lambobin rumfunan zaɓe na INEC ma irin wannan cikon suke buƙata: Zamfara 36 ce, Bungudu 05, Gusau 07, Tsafe 13. Ba tare da %02d ba, Bungudu za ta fito 5, kuma idan aka jera lambobin a matsayin rubutu, 13 za ta riga 5.

Alamar - tana tura rubutu hagu, domin sunaye su tsaya a layi ɗaya. Alamar + tana bambanta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. A Java, waƙafi yana raba dubbai: %,.2f yana mayar da 2500000 zuwa 2,500,000.00.

Babban haɗarin yana wurin ɗigo. Faɗin gurbi ba ya yanke komai, amma %.8s yana datse suna a harafi na takwas, ta yadda Abdulrahman da Abdulrahim duk za su fito "Abdulrah".

Don haka suna da ya maimaitu ko lamba mai giɓi a takardar albashi ba su isa hujjar ma'aikacin bogi ba. Wajibi ne mai tantancewa ya nemi ainihin bayanan da ke cikin na'ura kafin a cire sunan kowa.