Masu ƙara wa ƙananan motoci ƙarfi a Kossodo: Gudu ya ƙaru, birki na nan jiya-i-yau

Duk wanda ya bi hanyar Kaya daga tsakiyar birnin Wagadugu, da ya iso Kossodo zai fara cin karo da masana'antu da babbar mahauta da tashar wutar lantarki ta SONABEL, sannan a gefen titi ga garejoji birjik, inda makanikai da yaransu ke wuni a ƙarƙashin motoci. A irin waɗannan garejoji ne wata sana'a ta samu gindin zama, wato ƙara wa ƙaramar mota ƙarfi da gudu fiye da yadda kamfani ya ƙera ta.

Akasarin motocin da ake yi wa wannan aiki tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai, waɗanda a nan ake wa laƙabi da France au revoir, wato Faransa sai wata rana, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma ke kira tokumbo ko Beljiyam. Da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Lome suke sauka, su shigo ta Sinkase. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. Su Starlet da Corolla da Golf da Peugeot 205 da ke yawo a titunanmu, duk ta wannan hanya suka zo.

Masu kawo mota a ƙara mata ƙarfi kashi biyu ne. Akwai matasa masu son a ji rugugin motarsu tun daga nesa, su yi tsere da dare idan titi ya yi sarari, ko su yi wasan mota a wajen biki. Akwai kuma 'yan kasuwa da direbobinsu, masu son motar mutum biyar ta ɗauki kayan a-kori-kura, ta kuma isa Puytenga ko Bitu ko Dakola kafin kasuwa ta ci. Waɗannan na biyu su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi sa dukiya da rai a ciki.

Aikin da ake yi iri-iri ne. A tsohuwar mota mai kabureta, ana faɗaɗa ramin da fetur ke bi domin inji ya sha mai da yawa. Wasu kan kai kan inji a goge shi ya rage kauri, don matsin da ke cikin silinda ya ƙaru. Wasu kan yanke salansa su cire tukunyar tace hayaƙi, wadda dama akwai masu sayenta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. A sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, ana jona na'ura ne a sauya lissafin mai da wuta. Ta ɓangaren kaya, ana sa sifirin mai ƙarfi a ɗaga bayan mota, a sa manyan tayoyi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kuɗin da ake biya daga baya. Injin da aka goge wa kai yana buƙatar fetur mai kyau. Idan aka zuba masa na kwalba da aka gauraya, sai ya riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, daga nan fistin ya tafi. Wanda ya cire matatar iska don inji ya shaƙa da kyau, ya buɗe wa ƙurar hunturu ƙofa ke nan, ita kuwa ƙura cin ƙarfe take yi kamar sanfefa. Faɗaɗa ramin mai kuma, tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 man bumburutu ya daina araha, ya zama rami ne a aljihun mai mota.

Babban abin da ake mantawa da shi shi ne birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin direba ya ɗora ƙafa a kan birki. Idan kuma gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa take yi sau huɗu. Ƙara nauyin buhuna a kan wannan lissafi, sannan a tuna birkin nan na mutum biyar aka yi shi.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata rana na bi wani Alhaji ɗan kasuwar tufafi zuwa Puytenga a Starlet ɗinsa da aka ƙara wa ƙarfi, an cika ta da dila har kan rufi. Mun wuce Zorgo kaɗan sai ga garken shanu a kan titi. Direba ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta saurare shi ba. Da giya ya rage gudu, muka gangara cikin gona, Allah Ya kiyaye rayukanmu. Da muka fito, warin ƙuna ke tashi daga tayoyin gaba. Direban ya ce, "Ranka ya daɗe, tun a gareji na faɗa maka birkin nan ba zai ɗauka ba." Alhaji bai ce uffan ba. Ranar dai ba mu ci kasuwa ba, kuma kuɗin janyo mota da gyaranta ya fi ribar da ake sauri a kai.

Akwai wani sauyin da ya fi wannan haɗari, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin korayen tasi na Wagadugu da Bobo-Julaso, wato jona tukunyar gas ɗin girki a but a maimakon fetur. Doka ta hana, amma araha na jan mutane. Tukunyar girki da robarta ba don zafin mota da girgizar hanya aka yi su ba, yoyo kaɗan da tartsatsin wuta sun isa su tashi mota da fasinjojinta.

Matasa masu sha'awar tsere kan kafa hujja da tarihi, kuma gaskiya ne ƙananan motoci sun yi abin a-zo-a-gani a Afirka. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Peugeot 205 ta lashe tseren Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, tseren da tun farkonsa ya ratsa Agadas da Yamai. To amma waccan 205 suna kawai ta haɗa da ta tasi. An sake mata inji da birki da ƙafafu, an yi mata kejin ƙarfe a ciki, direbanta na da hular kwano da ɗamara, ga tawagar makanikai na biye da shi. Duk da irin wannan shiri, a tseren Bandama na Kodebuwa a 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Mu kuwa muna tsere ne a titin da aka ƙayyade wa kilomita 50 a awa, a garin da babura suka fi motoci yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun takardu. Motar da aka sauya wa inji ko aka cire wa salansa na iya faɗuwa a gwajin lafiyar mota na CCVA, kuma idan tsautsayi ya auku, kamfanin inshora na iya kafa hujja da sauyin ya ƙi biya. Ga ɗan kasuwa mai ƙetare iyaka, lambar inji da ta saɓa wa takarda dalili ne na kwana a hannun jandarma ko 'yan duwan.

Tsofaffin makanikai na da tasu hanyar ƙara ƙarfi da ba ta cin rai: sabon falogi, wanke kabureta, sabuwar matatar iska, baƙin mai a kan lokaci, da lagireto mai tsabta. Wannan kaɗai kan dawo wa tsohuwar mota da ƙarfin da ta rasa. Wanda kuma ya nace sai ya ƙara gudu, to ya fara da birki da taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma tayar da ta tsufa tana fashewa ko da zanenta bai goge ba.

Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. Kasuwar Puytenga duk bayan kwana uku take ci, wanda ya rasa ta yau zai same ta gata. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.