Jiyyar Jeka-Ka-Dawo Domin Yara Masu Ciwon Damuwa

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli ya taɓa gamuwa da irin wannan ɗalibi. A zango na farko yana cikin na gaba-gaba a aji, yana buga ƙwallo, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Kafin zango na uku sai ka ga ya koma bencin baya, ba ya cin abinci sosai, ba ya barcin kirki, kullum yana ɗakin shan magani da kukan ciwon kai ko ciwon ciki, a auna jini kuma ba a ga zazzaɓi ba. Mu malamai mukan ce lalaci ne, mu sa bulala ko yankan ciyawa. A gida kuwa wani ya ce sammu ne, wani ya ce iskoki ne. Kafin a ankara yaro ya bar makaranta, wani lokaci ma abin ya fi haka muni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Masana kuma sun gano cewa kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, wato lokacin da yaro yake hannunmu a ƙaramar sakandare. Idan muka ɗauki wannan lissafi muka ɗora a kan aji mai ɗalibai 40, za mu ga maganar ta shafi biyar ko shida. Saboda haka muka ga ya kamata a mujallar bana mu bayyana wata hanyar jiyya da ake bi a wasu ƙasashe, musamman Amurka, mu kuma duba abin da za mu koya daga gare ta.

Mene ne wannan tsari?

Dukanmu mun san bambancin makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. To, haka jiyya take. Akwai wanda ciwonsa ya yi tsanani, dole a ba shi gado a asibiti, a sa masa ido dare da rana. Akwai kuma wanda ganin likita sau ɗaya a mako ko a wata ya ishe shi. Amma akwai yara da yawa da suke tsakiya: ganin likita jefi-jefi ya yi musu kaɗan, kwantarwa a asibiti kuma ta yi musu yawa. Domin su aka shirya jiyyar jeka-ka-dawo mai zurfi.

Yaro yana kwana a gidansu, yana zuwa makaranta da safe. Bayan an tashi sai ya tafi cibiyar jiyya, ya yi kamar awa 3, kwana 3 zuwa 5 a mako, har tsawon makonni da dama, sau da yawa wata biyu ko uku. Mafi yawan aikin a rukuni ake yin sa. Akan haɗa yara kamar 6 zuwa 12 waɗanda shekarunsu suka yi kusa, ƙanana daban, matasa daban, a ƙarƙashin ma'aikacin da ya sami horo. Akwai kuma likitan ƙwaƙwalwa da ke duba wanda yake bukatar magani. Matsalolin da aka fi kawowa su ne ciwon damuwa, fargaba mai hana sukuni, ƙin zuwa makaranta saboda tsoro, firgita bayan wani mugun abu ya faru, yi wa kai rauni, da shaye-shaye.

Asalinsa

A shekarar 1905 wani likita a birnin Boston na Amurka, mai suna Joseph Pratt, ya fara tara masu tarin fuka waɗanda ba su da halin zuwa gidan jiyya, yana koya musu yadda za su kula da kansu a gida. Sai ya lura cewa haɗuwar kanta tana ƙarfafa su, domin kowa yana ganin ɗan'uwansa yana samun sauƙi. Daga nan ake ƙirga mafarin jiyya a rukuni. Asibitin wuni kuwa, inda mai ciwon ƙwaƙwalwa zai zo da safe ya koma gida da yamma, an fara shi a Mosko a shekarun 1930, daga baya aka buɗe irinsa a Kanada da Ingila a shekarun 1940.

Nijeriya ma tana da hannu a wannan tarihi. A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa wani tsari a asibitin Aro da ke Abeokuta. Maimakon a kulle majiyyata, sai aka sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da wani danginsa. Suna zuwa asibiti da rana, suna komawa cikin jama'a da yamma. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin babban darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tunaninsa shi ne wanda ake bi wajen yara a yau: mutum ya fi saurin warkewa idan ba a raba shi da nasa ba.

Abin da ake yi a rukuni

Kowane zama yakan fara da gaisuwa da tambayar yadda aka kwana. Kowane yaro zai faɗi halin da zuciyarsa take ciki, wani lokaci da lamba daga 1 zuwa 10, ya kuma faɗi ko ya gwada abin da aka koya masa a zaman baya. Daga nan sai darasin ranar.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi amfani da su ita ce wadda Dokta Aaron Beck ya ɓullo da ita a Amurka a shekarun 1960. Tushenta shi ne tunani da motsin zuciya da aiki suna jan juna. Misali, yarinya ta faɗi jarrabawar lissafi, sai ta ce a ranta, "Ni ba ni da amfani." Wannan tunani ya karya mata zuciya, ta daina karatu, ta sāke faɗuwa, tunanin ya ƙara ƙarfi. A rukuni za a sa ta rubuta tunanin, a tambaye ta hujjarsa. Wata ƙawa ta tuna mata cewa ita ce ta ɗaya a Turanci. A hankali sai ta koyi cewa, "Na faɗi lissafi a wannan karo, ina bukatar taimako a kansa." Mai tsoron magana a aji kuwa, mataki-mataki ake bi da shi: yau ya karanta layi ɗaya a gaban mutum biyu, gobe a gaban rukuni, har ya kai ga ɗaga hannu a aji.

Ga matasan da zuciya ke ɗebe su har su yanki jikinsu, akwai hanyar da Dokta Marsha Linehan ta tsara a shekarun 1980, wadda daga baya aka gyara ta domin matasa da iyayensu. Ana koya musu yadda za su jure minti goman da wuta ke ci a ƙirji ba tare da sun cuci kansu ba, kamar jan numfashi a hankali ko wanke fuska da ruwan sanyi, da yadda za su nemi abu ko su ƙi abu ba da faɗa ba.

Iyaye ma suna da nasu zama, yawanci sau ɗaya a mako. Dalili kuwa a fili yake: idan yaro ya koyi sabon hali da yamma, ya koma gida ya tarar da zagi da gori, an yi aikin baban giwa ke nan.

Me ya sa sai a rukuni?

Babban nauyin mai ciwon damuwa shi ne zaton cewa shi kaɗai ne haka a duniya. Ranar da ya ji tsaransa ya faɗi ainihin abin da shi yake ɓoyewa, kunya takan ragu ƙwarai. Na biyu, mu malamai mun sani matashi ya fi jin maganar abokinsa a kan ta babba. Na uku, da yake yaro yana komawa gida da makaranta kullum, abin da ya koya yau zai gwada shi gobe, jibi ya dawo da labari a gyara masa.

Amma fa tsarin yana da iyaka. Yaron da ya riga ya shirya kashe kansa, ko wanda hankalinsa ya gushe, asibiti za a kai shi nan take. Haka kuma bincike ya nuna cewa idan aka tara yara masu taurin kai wuri ɗaya ba tare da kyakkyawan jagora ba, sukan koya wa juna abin da ya fi na da muni, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ya sa ake tantance wanda zai shiga, ake kuma kafa dokar riƙe sirri. Tun ranar farko akan gaya wa yara cewa abin da aka faɗa a ɗakin a nan zai tsaya, sai fa idan ran wani yana cikin haɗari, a nan dole a sanar da manya.

Namu aikin

Kada wani malami ya karanta wannan ya tara ɗalibai ya ce ya buɗe jiyya. Wannan aikin masu horo ne. Namu shi ne lura da kai yaro inda ya dace. Idan ɗalibi ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki ko saurin fushi, ya daina sha'awar abin da yake so a da, barcinsa da cin abincinsa suka canza, to a kira shi gefe a saurare shi, a kuma nemi iyayensa. Idan ya ambaci mutuwa ko ya ce ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gari ya waye.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano suna da sashen wannan aiki. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kāre mutuncin majiyyaci.

Ga iyaye da 'yan'uwa a ikkilisiya, muna roƙo a daina ɗaukar wannan ciwo a matsayin abin kunya ko alamar raunin bangaskiya. Idan yaro ya karye a filin wasa mukan yi masa addu'a, mu kuma kai shi a ɗaure ƙafar. Haka ya kamata mu yi a nan. Ku kuma ɗalibai, idan abokinku ya gaya muku abin da ya ba ku tsoro, sanar da malami ba tsegumi ba ne, ceton rai ne. Wanda kuma yake karanta wannan shafi yana jin kamar da shi ake, ƙofar ofishin malamai a buɗe take. Allah ya ba mu idon gani da kunnen sauraro, amin.