Matuƙi Mai Bindiga, Amma Ba Ɗan Sanda Ba

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, majalisar dokokin Amurka ta yarda a 2002 a riƙa bai wa matuƙan jiragen fasinja bindiga. Rukunin farko ya sha rantsuwa a Afrilun 2003. Aikin sa kai ne, ba a biyan ko sisi, kuma sai mutum ya ci gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa da horo a garin Artesia na jihar New Mexico.

Sai dai ikon irin wannan matuƙi a ɗakin tuƙi ya tsaya. Doka ba ta ba shi damar kama kowa ba, ko da kuwa katin shaidarsa na gwamnatin tarayya ne. A nan wasu kan yi tuntuɓe. Matuƙin da ya zaro katin don ɗan sandan hanya ya ɗaga masa ƙafa na iya rasa katin da bindigar duka, kuma ɗan sandan na da ikon kama shi kamar kowa.

Ita kanta bindigar ta taɓa ba da kunya. A Maris na 2008 ta tashi a hannun wani matuƙin US Airways dab da sauka a Charlotte, harsashin ya huda jikin jirgin, amma ba wanda ya ji rauni.